Hitar Ɗakin Tafi-da-Gidanka: Zama Ya Fi Aiki Cinye Ta



Yau za mu leƙa Amurka da Kanada da wani yanki na Turai, inda iyalai da yawa ke da wata al'ada ta hutu. Sukan ɗaura wa mota ɗaki mai taya, su ja shi zuwa bakin tafki ko gindin duwatsu ko tsakiyar hamada, su yada zango kwana biyu ko mako biyu, tsofaffin da suka yi ritaya ma su share watanni. A cikin ɗakin akwai gado da murhu da firji da ban-ɗaki. Harkar ba ƙarama ba ce: a shekarar 2021 kaɗai masana'antun Amurka sun fitar da irin waɗannan ɗakuna da motocin kwana kimanin 600,000, mafi yawansu kuma a jihar Indiyana aka ƙera su, musamman yankin Elkhart. Idan kana cikin 'yan'uwanmu mazauna can, kana da niyyar saye ko haya don ka fita da iyali, to matso kusa da rediyo. Na gida ma kada ya ce babu ruwansa, domin duk inda gas da lantarki da ruwa suka haɗu a akwati ɗaya, halinsu ɗaya ne.

Maganarmu a kan hitar ruwa ce, ɗan tankin nan da ke dafa ruwan wanka da na wanke-wanke.

Idan ka zagaya ɗakin ta waje za ka ga wata 'yar ƙofa ta ƙarfe, faɗinta bai kai kamu guda ba, da raga a samanta inda hucin wuta ke fita. Murɗa sakatar ka buɗe. Ga wani bututu ya miƙe ya shige rami, ta nan harshen wuta ke ratsa tankin. Ga bawul ɗin gas da wayoyinsa. A sama akwai wani bawul na tagulla mai ɗan hannu, wanda ke amayar da ruwa idan zafi ko matsi ya wuce kima, a ƙasa kuma toshiyar da ake kwancewa a zubar da ruwa. Tankin kansa yana ciki, ƙarƙashin gado ko a kabad ɗin kicin, lulluɓe da farin soso don kada zafi ya tsere. Yawancinsu galan 6 suke ci, wajen lita 23 ke nan, manyan kuma galan 10. Hitar gidan Ba'amurke kuwa galan 40 ko 50 take ci, shi ya sa wanda ya shigo wannan ɗaki da halin wankan gida yake shan mamaki tun daren farko.

Hanya biyu take ɗumama ruwa. Akwai gas, mai kama kansa da tartsatsi idan ka danna makunni a cikin ɗaki, batirin ɗakin ne kuma ke ba shi tartsatsin. Akwai wani ƙarfen lantarki da ke nutse cikin ruwan, mai jan wat 1,400 da 'yan kai, wanda ke aiki idan ka jona ɗakin da wutar zango. Lita 23 na ruwan sanyi kan ɗauki wajen minti 45 a kan lantarki, gas bai cika kai rabin sa'a ba, in an haɗa su biyun kuwa minti 20 sun isa. Na'ura ce mai sauƙin kai, tana kuma daɗewa in ta samu mai kula.

To ga abin da nake so a riƙe. Wannan hita da wuya ta lalace a bakin aiki. A zaune take lalacewa. Ɗakin tafi-da-gidanka makonni kaɗan yake yi a kan hanya, sauran shekara yana ajiye a bayan gida ko filin ajiya, rana ta dake shi, sanyi ya dake shi. A cikin wannan dogon zama ƙanƙara da tsatsa da ƙwayoyin cuta da ƙwari ke cin karensu babu babbaka, sai ranar da mai ɗaki ya dawo da zumuɗin tafiya ya danna makunni sannan abin ya fito fili. Saboda haka ranar ajiyewa da ranar ɗauka su ne ranakun kula da hita, fiye da duk kwanakin da za a yi a daji.

A Minesota ko Mishigan ko Ontariyo, hunturu kan daskarar da ruwa wata da watanni. Ruwa idan ya zama ƙanƙara yakan kumbura da kusan kashi 9 cikin 100, tankin da ke cike kuwa ba shi da inda zai kai wannan kumburi, sai ya tsage, daga nan sai sayen sabuwar hita. Shi ya sa wajen watan Oktoba masu ɗakunan ke zubar da duk ruwan da ke ciki, su cika bututun da wani magani mai ruwan hoda da ke hana fashewa. A nan a yi hattara: na ɗakin kwana daban, na lagireton mota daban. Na mota guba ne, ba ya shiga bututun da mutum zai sha ruwa daga gare shi.

Galan 2 ko 3 na wannan magani sun isa duk bututun ɗaki, amma in aka bar shi ya bi ta hita sai ta shanye galan 6 kafin ɗigo ya kai famfo. Don haka maƙera suka sa bawul a bayan tankin, wani ɗakin ɗaya, wani biyu, wani uku, waɗanda in aka juya su ruwa zai kauce wa hita ya wuce kai tsaye. Dabara ce mai kyau, ita ce kuma tushen wata ɓarna da makanikan wannan harka suka saba gani da zarar sanyi ya wuce. Afrilu ta zo, mutum ya wanke bututunsa, ya jona ruwa, ya buɗe famfon zafi a kicin, ruwa ya zubo shar. Sai ya ce alhamdu lillahi, tanki ya cika. Alhali bawul ɗin nan suna yadda ya bar su tun Oktoba, ruwan da ya gani ta gefe ya bi, tankin fayau yake. Ya danna makunnin lantarki. Shi kuwa ƙarfen nan an yi shi ne ya yi aiki a nutse, ruwa na kwashe zafinsa. A busasshen tanki kafin minti guda ya ƙone. Babu ƙara, babu hayaƙi. Sai an yi tafiyar sa'o'i an isa zango, yara sun yi duƙun-duƙun, sannan a tarar ruwa ya ƙi zafi.

Maganin wannan kuwa bai kai daƙiƙa goma ba. Kafin ka taɓa kowane makunni, fita waje ka buɗe 'yar ƙofar nan, ka ɗan ɗaga hannun bawul ɗin tagulla tun ruwan yana sanyi. In ruwa ya fito, tanki ya cika. In iska ce ko shiru, koma ciki ka duba bawul ɗin baya. Famfo na iya ruɗin ka, wannan bawul ba ya ruɗi, domin a jikin tankin kansa yake. A wasu hitocin kamfanin Suburban akwai ƙarin makunni a can waje, har da ɗan fil da ake soka masa don kada ya kunnu bisa kuskure. A ganina duk mai niyyar zubar da ruwan tanki da shi ya kamata ya fara, domin na cikin ɗaki ko yaro na iya danna shi da gwiwar hannu.

Jamusawa ta wata hanya suka ɓullo wa ƙanƙara. Kamfanin Truma, wanda aka kafa a 1949, ya sa wa hitocinsa bawul da ke buɗe kansa ya zubar da ruwa da zarar sanyin wurin ya sauko wajen digiri 3. Mai ɗaki kan ji haushi in ya tashi da asuba ya tarar ruwansa ya tsiyaye ƙasa, amma lita 10 na ruwa ya rasa, tankinsa na nan lafiya.

Tsatsa ita a hankali take aikinta. A Amurka iri biyu na hita suka fi yawa. Akwai Atwood, wanda kamfanin Dometic ya saye a 2014, tankinsa na alminiyam, toshiyarsa ta roba. Akwai Suburban, mai tankin baƙin ƙarfe da aka shafe cikinsa da tangaram. Shafen nan ba ya rasa 'yan kafofi, ruwan zafi kuwa kafa yake nema. Saboda haka aka liƙa wa toshiyar wata sanda ta magnesiyam mai tsawon taƙi guda, ƙarfen da ya fi baƙin ƙarfe saurin cinyewa. Muddin sandar na nan ita ruwa ke ci, ya ƙyale tanki. Ranar da ta ƙare ya juya kan tankin. Kamfanin ya ce a canza ta in kashi 75 cikin 100 ya tafi. Kuɗinta bai taka kara ya karya ba, sabuwar hita kuwa ɗaruruwan daloli ce. Mai tankin alminiyam kada ya ji wannan ya ruga sayen sanda, nasa ba a yi shi da ita ba.

Cire sandar na da ƙa'ida, kuma nan ne mutane ke jin rauni. A kashe gas da lantarki, a bar ruwa ya huce sarai, gara ma ya kwana. A rufe ruwan da ke shigowa, a buɗe famfon zafi a ciki, a ɗaga hannun bawul ɗin sama matsi ya fita. Sai bayan haka a sa sifana, a kuma tsaya daga gefe. Wanda ya yi gaggawa, toshiyar kan kuɓuce masa da ƙarfi, ruwa mai ƙuna ya biyo bayanta daidai cinyarsa. In sandar ta fito, dube ta a rana. Sabuwa sumul take, kaurin babban yatsa. Wadda ta daɗe a ruwa mai zartsi za ka gan ta duk ramuka, ta yi fari-fari, tana marmashewa a hannu, wani wurin ma babu abin da ya rage sai siririyar wayar tsakiya. Bayanta sai ruwa ya fito da fararen ɓarɓashi, tsakuwa-tsakuwa. Alli ne da ruwan wasu yankuna ke ɗauke da shi, musamman irin su Arizona, yakan kwanta a gindin tanki, ya lulluɓe ƙarfen lantarki, ya toshe ragar famfo. Akwai ɗan siririn bututu mai lanƙwasa da ake ɗaura wa tiyo a zura ta ramin, a yi ta wankewa har ruwa ya fito garau. In allin ya kama sosai, a jiƙa tankin da ruwan kal ya kwana, a zubar a ɗauraye.

Wani kuma ya dawo daga tafiya ya bar ruwa a tanki, bayan wata guda ya buɗe famfo, warin ruɓaɓɓen ƙwai ya cika ɗaki. Ruwa dai ba ya tsami banza. Wasu ƙwayoyin halitta ne masu son wurin da babu iska, suna cin gishirin farar wuta da ke cikin ruwa, sandar magnesiyam na taimaka musu, su kuma suna fitar da wannan ɗoyi. Shi wari aƙalla yana yin sallama. Wanda ya fi ba ni tsoro ba shi da wari ko kaɗan. A watan Yulin 1976 tsofaffin sojojin Amurka suka yi babban taro a wani otal a birnin Filadelfiya, bayan an watse mutum 182 suka kamu da wani mugun ciwon huhu, 29 suka rasu. Daga baya aka gano ƙwayar cutar, aka sa mata suna Lijiyonela. Tana hayayyafa a kwantaccen ruwa mai ɗumi-ɗumi, tsakanin digiri 25 da 45, ta numfashi kuma take shiga jiki, cikin feshin ruwa irin na shawa. Ɗakin da aka ajiye a rana a Teksas ko Fulorida, ruwa kwance a tankinsa mako shida, ya ba ta daidai abin da take so. Tsofaffi da mashaya taba da masu raunin garkuwar jiki sun fi shiga haɗari, tsofaffi kuwa suna da yawa a wannan harka.

Shi ya sa ni ban yarda a bar ruwa a hita ba in ɗakin zai zauna fiye da mako biyu. A zubar. Farkon kowace shekarar tafiya kuma a wanke tankin ruwan sha da bututu da bilic, rubu'in kofi ga kowane galan 15 na ruwa, a bar shi sa'o'i huɗu, a ɗauraye har warin ya tafi.

Zanzaro ma na da nasa rabon. Danginsa na nan a Amurka, suna ginin laka yadda muka san shi da yi, bututun da wuta ke bi kuwa ya yi musu daidai: ga duhu, babu mai damun su wata shida. Gizo-gizo shi ma kan yi saƙa a ciki. In hanyar ta toshe, gas ba ya samun iskar da zai ci da ita. Na'urar kan gwada kamawa, ka ji tas-tas-tas, in ta kasa ta kulle kanta, jar fitila ta kama a cikin ɗaki. Wannan mai sauƙi ke nan. Mai wuyar shi ne wuta ta kama amma ta ci a wahale, harshenta rawaya maimakon shuɗi, yana lilo, kunkunniya ta fara baƙanta jikin ɗaki a saman raga. Irin wannan wuta ce ke fitar da iskar kabon monoksaid mai yawa, wadda ba ta da launi ba ta da wari. Masu sauraro a Najeriya sun san aikinta, domin ita ce cikin hayaƙin janareta da ke kashe iyali guda suna barci. An ƙera hitar yadda hayaƙinta zai fita waje, amma in taga na buɗe kusa da ita, ko an kafa rumfa an rufe gefen da take, yakan sami hanyar komawa ciki. A leƙa bututun da tocila kafin kowace tafiya, a share shi da ɗan buroshi. A duba na'urar ƙararrawar da ke jin wannan iska, tana da wa'adi, galibi shekara 5 zuwa 7, bayan haka ko fitilarta na ci ba abin dogaro ba ce. Bawul ɗin gas kansa kuwa a bar wa makaniken da ya koyi aikin.

Yanzu mu isa zango, inda masu wannan harka ke da wata gardama da ba ta ƙarewa: a bar hita a kunne dare da rana, ko sai da buƙata? Masu cewa a bar ta na da hujja, tunda tana kashe kanta in ruwa ya kai zafinsa, kuma a zangon da kuɗin wuta ke cikin kuɗin kwana ba ka ƙara ko sisi. Amma a yi lissafi. Matsakaicin ɗaki amfiya 30 yake samu daga turken wutar zango. Hita kaɗai na jan 12, na'urar sanyaya ɗaki 13 zuwa 15, firji da cajar batir na cin nasu. Uwargida ta sa abinci a maikirowef, ɗif, wuta ta yanke, maigida ya fita da tocila yana laluben makunnin da ya faɗi. Abin da ke ruɗar mutane shi ne can cikin tanki hitar ke jan wutarta shiru, sai a ɗora laifi a kan wani abu daban. Da rana tsaka a mayar da ita kan gas, a bar wa na'urar sanyi wutar.

Gas ɗin ma ba wani ci take yi masa ba. Silinda mai kilo 9 na iya riƙe wutarta sa'o'i 35 ko kusa da haka ba tsayawa, alhali kowace ɗumamawa ba ta kai rabin sa'a ba. Dalilina na goyon bayan kashewa daban ne. Wutar gas na da ruri, in ta tashi ƙarfe biyun dare a ƙarƙashin gadonka za ta tashe ka, ta tashi bawan Allahn da ya kafa tanti kusa da kai. Bayan haka ban ga hikimar barin harshen wuta yana kama kansa a jikin ɗakin da kowa ya fita yawon daji ba. Soson da ke jikin tankin na riƙe zafi sa'o'i da dama, ruwan da aka dafa da magariba kan kai alwalar asuba da ɗuminsa, kuma ruwan da ake amfani da shi kullum ana sake dafawa ba shi ne abin tsoro ba. Kunna ta rabin sa'a kafin wanka, kashe ta bayan wanke-wanken dare. A kan hanya kuwa babu gardama, a kashe. Shiga gidan mai da hita a kunne ganganci ne, domin tana iya yin tartsatsi kowane lokaci, taku kaɗan daga tururin fetur.

Lita 23 na ruwan zafi, ko an sirka da na sanyi, 'yan mintoci kaɗan suke yi in shawa na buɗe. Dabarar da masu ɗakunan ke bi daga sojojin ruwa suka aro ta: jiƙa jiki, rufe ruwa da ɗan maɓallin da ke kan shawar, sa sabulu, buɗe, ɗauraye. Duk wanda ya tashi yana wanka da bokiti guda da moɗa ya iya wannan tun yana yaro. Abin kiyayewa shi ne zafin. Yawancin waɗannan hitoci ba su da abin murɗawa a rage, an saita su tun daga masana'anta, Suburban wajen digiri 54, Atwood wajen 60. Hukumar da ke kula da lafiyar kayan masarufi a Amurka ta yi gargaɗi cewa ruwa mai digiri 60 na iya yi wa babban mutum mummunar ƙuna cikin daƙiƙa 6, mai digiri 54 cikin daƙiƙa 30, fatar yaro kuwa ta fi laushi. Tsakanin tanki da famfo a wannan ɗaki taku biyu ne, ruwan ba ya samun damar hucewa a hanya. A fara buɗe na sanyi, a ƙara na zafi a hankali, uwa ta gwada da hannunta kafin ta sa yaro. In an rufe shawa aka sake buɗewa, a karkatar da kanta gefe tukuna.

Wani ƙaramin abu da ke kai mutane wurin makanike a banza shi ne ɗigar bawul ɗin tagulla lokacin da ruwa ke zafi. Sau da yawa lafiyarsa ƙalau. An tsara tankin da 'yar iska a samansa mai karɓar kumburin ruwa, a hankali ruwa kan shanye ta. A bar shi ya huce, a rufe ruwa, a buɗe famfon zafi, a ɗaga hannun bawul har ruwa ya daina fita, a sake shi, a rufe famfo, a mayar da ruwa, iskar ta dawo. Kada dai a kuskura a toshe shi, shi ne ke tsakaninka da fashewar tanki.

Sababbin ɗakuna da yawa yanzu na zuwa da hita marar tanki, mai dafa ruwa yayin da yake wucewa. Dillalai na tallata ta da cewa ruwan zafi ba ya ƙarewa, gaskiya ne kuwa in kana zangon da aka jona maka ruwa da magudana. Ba ta da sandar canzawa, ba ta ajiye lita 23 su yi wari. Sai dai ka je Quartzsite, wani ɗan gari a hamadar Arizona inda dubban ɗakuna ke sauka kowane hunturu a filayen gwamnati, babu famfo babu wuta, kowa da abin da ya ɗauko a tankinsa. A nan rauninta ke fitowa. Sai ruwa na gudu sosai take kamawa, kana zubar da na sanyi kana jiran zafi ya iso, duk sanda ka rufe don sa sabulu ta mutu, ka buɗe ta sake farawa da sanyi. Yawancin irin waɗannan hitoci gas kaɗai suke ci, ƙanƙara kuma ba ta raga wa siraran bututun da ke cikinsu. Mai zaman daji da ƙidayayyen ruwa, ni tsohuwar mai tanki zan ce ya riƙe.

Wanda zai yi haya kada ya karɓi mabuɗi sai mai ɗakin ya nuna masa makunnan biyu, ya ɗaga bawul ruwa ya fito a gabansa, ya kunna gas ya ga launin wutar da idonsa, ya kuma faɗa masa yaushe rabon da a zubar da ruwan tankin. Mai sayen na hannu ya ƙara da cewa a kwance masa toshiyar. In sanda ta fito da sauran kauri a jikinta, ruwa ya biyo garau, mai ɗakin ya san abin da yake yi. In waya ce tsirara ta fito da jan ruwa a bayanta, leƙa ƙarƙashin gado ka danna katakon da ke kewaye da tankin da yatsa. In ya lotsa, ruwa ya daɗe yana yoyo a wurin, sai ka sa kuɗin hita da na gyaran daɓe cikin cinikin, ko ka nemi wani ɗakin.